Jeren Maraɗi a Ƙasa Mai Motsi

Tun da na dawo daga Aljeriya rumfata a babbar kasuwa ta koma dandali. Mace za ta zo ta ɗaga samira, ta ƙwanƙwasa, ta taya, sannan ta aje ta gyara zama ta ce, "Rabi, wai da gaske ƙasa ta motsa da ke?" Na ba da labarin nan har yawuna ya ƙafe, kuma na lura duk wadda ta ji shi daga bakin wata sai ta zo min da ƙari. Har an tambaye ni ko gaskiya ne teku ta shigo mana ɗaki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, mai son ji ta karanta, ni kuma in samu in sayar da kwanukana.

Ƴata ta fari ce ta kai ni can. Ba na faɗin sunanta, kun san al'ada. Kowa Ta-Inna yake ce mata, domin tun da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Tsibiri. Can ta tashi cikin ƙannena, shi ya sa har yau Yaya take ce min. Yarinya ce mai kai. Ta ci jarrabawa, ta samu burs, wato tallafin karatu na gwamnati, aka tura ta karatun likitanci a Bijaya, wani gari a bakin teku a arewacin Aljeriya. Karatu ya yi nisa, har ta fara shiga asibiti tana duba marasa lafiya tare da manyanta.

Muna zaune lafiya sai wani mai shisshigi ya nuna wa Inna hoton girgizar ƙasa a waya, benaye sun durƙushe, mutane suna tono da hannu. A wata ƙasa ce daban abin ya faru, amma a wurin Inna duk wanda ya tsallake hamada gari ɗaya ya tafi. Ta sa aka kira mata jikarta, ita kuma yarinyar da ba ta iya ƙarya ba ta ce i, tun zuwanta ta sha jin ƙasa ta motsa, amma ba komai. Washegari Inna ta aiko a kira ni.

"Ke Rabi," ta ce, "duniya bisa ƙahon sa take. In ya gaji ya maida ta bisa ɗayan ƙahon, su waɗanga mutane daidai tsinin suka gina garinsu. Ni na goya ɗiyar nan, ba don ƙasa ta haɗiye min ita ba. Ki tahi ki ɗauko ta. In kin dawo ba da ita ba, ban yahe maki nonona ba."

Na san idan yarinya ta baro karatu a tsakiya burs ya tafi ke nan, ba mai maido mata. Na kuma san nauyin kalmar da Inna ta faɗa. Na kai ƙara wurin mijina, ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwa da ƴa, ga izini ya ba ni, Allah ya kiyaye hanya. Haka maza suke zamewa su bar ki da garwashi a hannu.

Ba a zuwa gidan mutane hannu biyu, balle gidan tsohuwar da aka ce tana riƙe da ƴarki kamar ta cikinta. Na zaɓi saitin samira mai kyau daga rumfata, sannan na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa in sayo tulu, a ga abin garinmu. Kande mai tukwane, wadda har yanzu take kan al'adar kakanninta, ta ji inda za ni sai ta daina shafa yumɓu.

"Masu ƙasa ne anka ɓata ma rai," in ji ta. "Ki ce su yanka baƙin bunsuru gindin dutsi, su gani in ba ta kwanta ba."

Na ce to, zan faɗa musu. Ta zaɓo min tulu ja mai ɗan wuya, ta ƙwanƙwasa shi a kunnena ya yi ƙara ras.

Kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta tashi daga gar, wato tasha, da asuba. Da muka iso Tsibiri na hango Inna zaune bakin titi a kan tabarma, ta lulluɓa da mayafi. Na roƙi direba ya tsaya, ya tsaya yana gunaguni. Ta miƙo min tsohuwar ƙwaryar furarta ta taga, wadda ta fashe aka ɗinke ta ban san sau nawa ba, ta ce a ciki Ta-Inna za ta sha fura a hanyar dawowa. Ba ta ce min sauka lafiya ba.

Tulun nan a cinyata ya yi tafiyar Yamai, na hana a sa shi cikin kaya. Duk ramin da muka faɗa sai in rungume shi. Wata Bazabarma da ke kusa da ni ta yi ta satar kallona har Madawa, can ta kasa haƙuri ta tambaya ko magani ne a ciki. Na ce iska ce ta Maraɗi zan kai wa ƴata. Daga nan muka shirya, ta saya mana kilishi, na saya mana ruwa. A Galmi warin albasa ya cika motar, a Ƙonni aka yi salla, shingen jandarma kuwa na daina ƙirgawa, kowanne sai an sauka an nuna kati, ni da tuluna a kafaɗa. A Yamai na sauka gidan ƙanwar mijina, na yi kwanaki ina zaryar neman biza ina cin dambun zogale har ta fito.

Ban taɓa shiga jirgi ba. Da ya fara gudu na ƙanƙame ƙwaryar Inna ina salati a bayyane. Mutumin da ke kujerar gefena ya jira har muka daidaita a sama, sannan ya gaishe ni da Hausa. Sunansa Mushe Laminu, wato Malam Laminu a bakin masu Faransanci, mutumin Tawa, aikinsa binciken duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Da ya ji abin da ya fito da ni sai ya ce in ba shi ƙwaryar.

"Hajiya, kin ga ɗinkin nan? Ɓawon duniya haka yake. Ba guda ba ne, manyan ɓarori ne anka haɗa, suna zamne bisa dutsi mai zahi da ke motsi sannu-sannu can ƙasa. Ɓarin da muke bisa, na Afirka, yana turin na Turai. Tahiyar ko tsiron akaihwa ba ta kai ba. Amma bakin yakan maƙale, turi ya yi ta taruwa shekara da shekaru. Ranar da dutsi ya kasa riƙewa sai ya zame lokaci guda. Wannan zamewar ita ce girgizar."

Ya matsa gefe biyu na ƙwaryar har ɗinkin ya yi ƙara, na yi maza na karɓe abata kafin ya ja min wata fitinar. Na tambaye shi ina Maraɗi a jikin ƙwaryar. Ya ɗora yatsa a tsakiyar wani ɓari mai faɗi, nesa da kowane zare. Ya ce dutsen da ke ƙarƙashinmu tsoho ne, ya gama rigimarsa tun tuni, shi ya sa mutum zai tsufa ya mutu a Maraɗi bai taɓa jin ƙasa ta motsa ba. Duk Afirka ta yamma haka take, sai wajen Akara ta Gana ne akan ɗan ji jifa-jifa. Ya ce gabashin Afirka, wajen Habasha da Kenya, ɓarin tsagewa yake yi, suna ji. Turkiyya da Iran suna shan wuya. Amma uwa uba ƙasashen da suka kewaye babbar tekun gabas, irin su Japan da Indunusiya da Chile, can ƙananan girgiza kusan kullum ne, kuma mafi yawan manyan ma can suke faɗawa. A duniya kuwa, in ji shi, ba ranar da ƙasa ba ta motsi a wurare da yawa, sai dai galibi na'ura kaɗai ke ji.

"Bijaya fa?" na ce.

Ya ɗora yatsa a kan zaren ɗinki. Na saki salati. Ya ce kar in tsorata haka, ba su kai Japan ba, ƙanana ne suka fi yawa, babba takan daɗe ba ta zo ba. Na ce to yaushe za ta zo.

"Wurin mun sani, Hajiya. Ranar Allah kaɗai ya sani. Shi ke yi, mu dai muna duba ta inda yake yi."

Na ba shi labarin san Inna mai ɗauke da duniya da bunsurun Kande. Ya yi dariya ya ce in bar wa Inna santa, ba ya cin hatsin kowa. Ni dai a raina na ce ashe tsohuwa ta yi gaskiya, ko ƙaho ne ko ɗinki ne, yarinyar tana kansa.

A filin jirgin Alje, babban birnin ƙasar, ƴan duwan masu binciken kaya suka buɗe jakata. Wanda ya kwance ƙullin daddawa ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Sai suka ciro kuka, gari kore a leda, suka dubi juna. Faransancina na kasuwa ne, ya ishe ni ciniki amma bai ishe ni bayanin miyar kuka ba. Na dangwala na lasa, na yi alamar tuƙa tuwo, na shafa ciki. Mushe Laminu ya zo ya ƙarasa min. Da aka tambayi abin da ya kawo ni na ɗaga kai na ce ƴata ce take karatun likita a ƙasarku. Mutumin ya ɗaure min daddawata da hannunsa yana kau da hanci, ya ce in shiga lafiya.

Ta-Inna tana tsaye a bakin ƙofar fita cikin wata doguwar riga mai kauri. Ta taho da gudu, da ta kusa sai ta tuna ko wace ce ni, ta ja birki ta durƙusa. Ko'ina kewaye da mu mutane suna rungumar juna suna sumbatar kumatu. Ni na kau da kai na ce, "Ke, kin rame," alhali ƙiba ta yi. Zuciyata kuwa kamar ta fito don murna.

Daga Alje zuwa Bijaya mota muka shiga, ta yi ta hawa tana sauka cikin duwatsu. Wani wuri ma cikin dutsen aka huda hanya, mu shiga da rana tsaka ya zama duhu. Da na ba ta labarin ƙwarya, Ta-Inna ta ce duwatsun nan turin da Mushe Laminu ya faɗa ne ya tattare su, yadda tabarma ke tattarewa in an tura ta jikin bango. Na rufe ido na bar mata kallon.

Ɗakinta yana hawa na uku a gidan wata tsohuwa, Nna Wardiya, gajeruwa mai jan zane da murya kamar ta mai tallan gishiri. Mutanen wurin Kabilawa ne, harshensu ɗan'uwan na Buzayenmu ne. Kafin in gama sallama ta kama ni ta sumbace ni dama da hagu, ta sake, ni ina tsaye ƙiƙam da jaka a hannu. Ta zaunar da ni gaban kuskus, wanda ɗan'uwan dambu ne amma ba zogale ba yaji, an malala masa man zaitun. Ƴaƴan zaitun ɗin na jefa ɗaya a baki ina zaton zaƙi, na rasa inda zan tofar. Burodi kuwa shi ne tuwonsu, safe da rana da dare, kuma ba sa zubar da ragowarsa cikin shara, sai su rataye a leda a jikin bango don girmamawa. Wannan ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne gidan wanka, inda mata ke taruwa suna cuɗa juna cikin tururi. Sau ɗaya aka kai ni, na yi wankana da zane ɗaure a ƙirji, wata ƙatuwa ta cuɗe min baya har na ga taurari.

Ɗakin yarinyar ne ya ɓata min rai. Bango fayau. Tukwane a ƙarƙashin gado, kofuna a cikin kwali a ƙasa, kabad an ɗaure shi da ƙusa a jikin bango kamar zai gudu. Takalmi a gefen gado, wata ƴar jaka rataye a bakin ƙofa da ruwa da tocila da magani a ciki. Duk gidan haka yake, har falon Nna Wardiya ba abin da ke sama sai fitila mai lilo. Ni da na yi shekaru ina yi wa amaren unguwannin Zariya da Sabon Gari na Maraɗi jere, a ce ɗakin ƴata kamar na gwauro? Ga maƙwabta suna ta shigowa gaishe ni. Kyautar Nna Wardiya sai ranar sallama zan ba ta, don haka da yarinyar ta tafi asibiti na kwance samiru, na jawo tukwanenta na goge, na hau kujera na jera su a kan kabad, babba a ƙasa ƙarami a sama, har suka kusa taɓa rufi. Tulun Jiratawa na ɗora a gaba, daidai saitin matashin gadon da nake kwana. Na sauko na ja baya na duba, na ce yanzu aka san tana da uwa.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. "Yaya, ya yi kyau. Sai dai nan ba a jera kaya bisa."

"Ɗaki ne ko shagon tela?" na ce. "Kwana nawa ina garin nan, ko kaza ban ga ta yi tangaɗi ba."

Daga ranar muka shiga yaƙin da ba magana. In na shiga wanka ta sauke tulun ta aje a ƙasa, in ta fita in mayar. Nna Wardiya ta leƙo ta ga jeren ta ɗora hannu a ka tana zuba yare, na ɗauka yabo ne na ce a faɗa mata na gode.

Saƙon Inna kuwa na isar da shi tun kwana na biyu, kalma da kalma. Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan littafinta. Ta ce jarrabawa ta kusa, in ta tafi yanzu duk shekarun nan sun zube. Na ce na sani, amma bakin uwa ba abin wasa ba ne, ta fara haɗa kaya. Ta ce to. Wannan to ɗin ya fi min ciwo da a ce ta yi gardama. Kullum sai in ga ta ninke wasu kaya ta sa a akwati, sannan ta koma ta buɗe littafi tana karatun jarrabawar da ba za ta zauna ba.

Ranar wata Talata bayan azahar na kishingiɗa a gado, Ta-Inna tana yanka albasa a tebur. Sai na ji wani ruri daga ƙasa kamar babbar motar kaya za ta ratsa ta cikin gidan. Na ɗauka hawan jinina ne ya tashi. Na ɗaga ido na ga fitila tana lilo, sannan samiru suka fara kaɗawa a saman kaina. Ni na san muryar kowane kwano, amma ban taɓa jin sun yi magana gaba ɗaya ba.

Ban san lokacin da ta iso ba. Na ji an fizge ni daga gado da ƙarfin da ban san tana da shi ba, aka tura ni ƙarƙashin tebur. Na yunƙura zan yi ƙofa, ƙafa me na ci ban ba ki ba, ta danne ni ta rufe kaina da ƙirjinta.

"Yaya, ba a gudu. Matakala ta hi haɗari. Riƙe ƙahwar tebur."

Daɓen yana tafiya yana dawowa a ƙarƙashin gwiwoyina. Sai na ji tulun ya sauka. Ya daki kan gadon daidai inda kaina yake ɗazu, ya tarwatse, samiru suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya suna birgima. Ina salati, ina kiran Allah, kuma a cikin kiran na ji bakina ya kira sunanta na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Duka abin bai fi a karanta Fatiha sau biyu ba. Da ƙasa ta tsaya na samu kaina na ƙanƙame ta, rabona da riƙe ta haka tun tana shan nono.

Ita ko gezau. Ta miƙe ta kashe gas, ta miƙo min takalmi saboda fasassun tulu, ta saɓi jakar bakin ƙofa, ta riƙe hannuna muka sauka a hankali, ta biya ta fito da Nna Wardiya. A filin unguwa mutane sun taru, wasu maza har da kofin gahawarsu a hannu, suna gardamar ko ta bara ta fi wannan ƙarfi. Ƙasa ta sake ɗan motsawa, na zauna daɓas, wata mata ta dafa ni ta nuna min da yatsu cewa ƴar ƙarama ce, takan biyo bayan uwarta.

Sai aka fito da wata baƙuwa da ta zo ganin dangi, wadda ta yi abin da na so yi. Ta ruga matakala ta faɗi, goshi ya tsage, hannu ya karye, jini ya rufe mata fuska. Na ji mutane suna kiran "Doktora, Doktora," suna waige-waige. Ni ma na waiga in ga likitan. Sai na ga an buɗe hanya, ƴata ta wuce ta durƙusa gaban matar. Ta buɗe jakar nan da na raina, ta wanke ciwon, ta danne jinin, ta sa aka kawo katako ta ɗaure hannun, tana ba wannan umarni da Faransanci, tana lallashin waccan da yarensu. Dattawa masu furfura suna miƙa mata abin da ta ce. Nna Wardiya tana nuna ni tana gaya wa kowa ni ce uwarta. Wallahi ban taɓa jin girma irin na ranar ba, na tsaya a tsakiyar filin nan da ɗankwali a karkace ina kuka ban damu da wanda ya gani ba.

Da aka koma gidaje aka duba, ba bangon da ya tsage, ba kofin da ya fashe. Duk unguwar ba abin da ya faɗi sai jeren Maraɗi. Mata suka yi ta hawowa kallon ɓarna, suna ɗaga samira mai lotsattsen gefe suna dariya, ni ma na taya su. Haka na ba Nna Wardiya kyautarta da lotsa, ta karɓa da murna ta tura ƙarƙashin gado.

Da yamma muna shan shayi na sa yarinyar ta gaya mata cewa mu ƙasarmu ba ta motsi. Tsohuwar ta tambaya, to me ke kashe mutane a can? Aka lissafa mata, ruwan damina da ke rusa gidajen ƙasa a kan masu barci, Gulbin Maraɗi in ya cika ya ɓalle, zazzaɓin sauro da ke ɗibar yara duk shekara. Ta zaro ido ta kama hannun Ta-Inna ta riƙe gam. Ta ce ba za ta bari a kai yarinya wannan wuri mai haɗari ba. Na yi dariya har na ƙware, amma maganar ta zauna min. Su sun san abin da ke ƙarƙashinsu, sun zuba ƙarfe a gininsu, sun sauke kayansu ƙasa, sun koya wa ƴaƴansu inda za su ɓuya, kuma ƴata ta koya har ta fi wasunsu.

Bayan magariba na ce mata, "Ke, kwance akwatin nan."

Ta dube ni. "Inna fa?"

"Inna uwata ce. Ki bar ni da ita."

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Tun daga Alje har Yamai, tun daga Yamai har Gidan Rumji, ina shirya magana ina rushewa. Ban wuce Maraɗi ba, a Tsibiri na sauka da jakata. Inna tana tsakar gida tana tsintar wake. Ta amsa sallamata, ta leƙa bayana, ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na durƙusa na ba ta labari tun daga farko, ban rage ba, har jeren da na yi da inda tulun ya sauka. Na ce, "Inna, lokacin da Gulbi ya ci tsohon gari kina goye, su Kaka sun bar Tsibiri?"

"Ba su bar ta ba," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Tudu suka hau."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta aje faifan.

"Da ƙasar ta motsa, wa ya riƙe wani?"

"Ita ta riƙe ni."

"Ta yi kuka?"

"Ni na yi."

Inna ta dube ni sama da ƙasa, ni da nake da jikoki a gidan ƙanen Ta-Inna, kamar ranar da na fasa mata tukunyar ruwa ina yarinya.

"Ashe ke ce ta ɗaukowa, ba ita ba, an kuwa ɗauko ki. Ta zamna ta ƙare karatunta. Na janye, na yahe maki duniya da lahira."

Na kifa kaina a cinyarta. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta ture ni ta ce in tashi in kira mata maƙwabta.

Yanzu ba sunan da za a yi a Tsibiri, ba biki, da Inna ba za ta ba da labarin nan ba. A bakinta rabin garin ne ya rushe, jikarta ta goyo ni a baya ta sauko da ni daga bene mai hawa goma, sannan ta koma ta ɗinke mutum ɗari kafin la'asar. Ranar nan a gabana ta faɗa, ta juyo ta ce, "Ko ba haka anka yi ba, Rabi?"

Na ce haka aka yi, Inna.